Tsagar Manon a Kan Cokalin Baba

Desbiens, Litinin, 17 ga Yuni, 1974

Zuwa ga yayana Ludger,

Gaisuwa mai yawa da girmamawa irin ta ƙani ga wansa, tare da fatan wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Cécile da dukan mutanen gidanka a Lowell. Ina roƙon Allah ya sassauta maka tarin nan da ƙurar audugar masaƙa ta bar maka a ƙirji, ya kuma sauki Diane matar ɗanka Roland lafiya idan watan Agusta ya zo. Mu nan lafiya lau. Matata Gilberte gwiwa ce kawai ke damunta idan hadari ya haɗu, amma bakinta ƙalau yake kamar yadda ka san shi. An gama shukar dankali, wake ya fito, sauro kuwa bana kamar an aiko su. Da hannuna nake rubuta maka, ba matata na sa ba. Shekara shida ke nan ina zuwa ajin yamma a makarantar gari, saboda haka idan ka ga harafi ya karkace nawa ne, idan kuma ka ji magana ta yi tauri ita ma tawa ce, kada ka ɗora wa Gilberte.

Yaya, na zama kaka. Na rubuta kalmar na tsaya ina kallonta. Ranar Asabar takwas ga wata ɗana Ghislain da matarsa Huguette suka dawo daga Chicoutimi, daga gidan marayun da Sistocin coci ke riƙewa, da yarinya naɗe cikin bargo ruwan ƙwai. Sunanta Manon, watanta huɗu. Gashinta baƙi wuluk, a tsaye kamar burushin takalmi, kumatu kamar an cusa mata dankali biyu. Da aka miƙo mini ita sai ta cafke babban yatsana ta kai baki, ta ɗago ido ta dube ni kamar mai cewa ina ka shige tun ɗazu. Na zagaya bayan rumfar itace na yi kuka, na dawo na ce wa Gilberte hayaƙin lofe ne ya shigar mini ido. Ta ce, "Lofen da ka bari a kan tebur?" Ka san ɗa ɗaya Allah ya bar mana. Ka san shekara goma sha ɗaya Huguette tana saƙa wa 'ya'yan wasu safa, tana zuwa baftismar 'ya'yan wasu da murmushi, ta dawo gida ta rufe ƙofa. Yanzu igiyar shanyarsu ta cika da tsummokin jariri, ni kuwa sau uku nake zuwa a yini, har Ghislain ya ce zai kafa mini gado a baranda.

Takardarka ta riga yarinyar isowa da kwana ɗaya. Sau huɗu na karanta, don karatuna a hankali yake, kuma bari in maimaita maka abin da ke ciki kada ka ce na ƙara gishiri. Ka ce kada in jiƙa cokalin kamun kifin Baba saboda wannan yarinya. Ka ce kifin maraba na jinin Lalancette ne, ita kuwa ba a san uwarta ba balle ubanta, Sistoci sun riga sun yi mata baftisma da wani suna, namu kuwa a takardar alƙali kawai ta same shi. Ka ce kai ne babba, kai Baba ya bar wa cokalin, ajiya ce kawai a hannuna don ni ke zaune bakin tafki, saboda haka in naɗe in aiko maka kafin naka jikan ya iso. Sannan ka rufe da cewa idan na jefa shi ruwa saboda 'yar wasu ya ɓata, kada in ƙara rubuto maka, ba ka da ƙani a Desbiens.

Shekara talatin rabonka da riƙe shi, to bari in tuna maka. Baba ya yanko shi daga tsohuwar butar shayin Inna, ya bubbuga da guduma a kan kututture har ya lanƙwashe kamar ganye, bayansa jan ƙarfe, cikinsa fari da kuza, tsawon yatsa, da ƙugiya mai baki uku a wutsiya. Ba a kamun yau da kullum da shi. Sai an sami sabon yaro a dangi ake fito da shi, a ja shi bayan jirgi a tafki har kifin nan wananish ya kama, a dafa kifin ranar Lahadi kowa ya ci loma, a shafa wa jaririn romo a leɓe, sannan a ɗauki magagari a yi tsaga ɗaya a gefen cokalin. Tsaga arba'in da ɗaya ce a jikinsa, taka ta farko, tawa ta shida. Ina tsaye a wurin ranar da Baba ya yi ta Ghislain, kuma abin da na ji da kunnena shi ne, "Kowane yaro ya shigo mana gida da kuka, a ba shi kifinsa." Bai ambaci jini ba. Manon kuwa ta shigo da kuka, maƙwabta ma za su shaida.

Saboda haka ranar Talata na tura jirgi. Amma zan faɗa maka gaskiya tunda ban saba ɓoye maka ba: maganarka ta ƙarshe ta shige ni. Shekarata sittin da uku, amma har yau idan ka ɗaga murya gabana faɗuwa yake, kamar lokacin da kake kama ni da hannu cikin gwangwanin sukari. Na zauna ina lissafa hanyoyin da cokali ke ɓata. Ko kifin nan mai dogon baki da haƙora ya datse zare, ko wananish ya fizga ƙulli ya kwance, ko dutse ya riƙe. Sai na ɗauko waya gaba guda na ɗaure cokalin da ita, wayar kuma na haɗa ta da koren zaren nan mai kauri da muke jan dalma da shi. Na ƙi fita tsakiya. Na tsaya cikin lungun yashi da ke yamma da bakin kogi, inda ruwa bai wuce gaba biyu ba, don ko ya tsinke in hango shi yana ƙyalli a ƙasa in zaƙulo. Na rage inji har yana tari, jirgi na tafiya kamar tsohuwa za ta coci, duk don kada fizga ta yi ƙarfi.

Kafin rana ta ɗaga sandar ta lanƙwasa a hankali, da nauyi irin na tsohon takalmi. Na san shi tun kafin in gan shi: kifin dore ne, da manyan idanunsa farare da jikinsa ruwan zinariya. Na cire na mayar. Na biyu ma dore. Laraba dore uku. Alhamis iska ta taso daga arewa maso yamma, na sha jijjiga, na dawo da dore ɗaya da ciwon baya. Ba raina dore nake ba, Yaya, shi ya cika mana ciki shekarun da babu aiki, kuma a kasko da man shanu babu kamarsa. Amma ba shi Baba ya ce ba. Shi kifin ƙasa ne, mai laɓewa, mai jira a kai masa. Kifin maraba sai wananish, fari kamar azurfa, mai tsalle.

Ka san matsayar jirage ba ta riƙe magana. Gilberte ta gaya wa ƙanwarta abin da ka rubuta, ƙanwar ta gaya wa duk gari. Rosaire Boily, wanda kuka taɓa dambacewa saboda Cécile, yana nan da ransa, kullum zaune kan akwatin tanarsa yana raba wa mutane shawarar da ba su tambaya ba. Ranar Laraba ya leƙa jirgina ya ce, "Sannu kakan jarirai, me aka samo? Dore kuma? To ai sai ka canza mata suna ka huta." Ranar Alhamis ya ƙara gaba, ya ce, "Tafki ya san nasa, Ovila. Shekara saba'in cokalin nan bai taɓa yin kwana uku bai kawo wananish ba. Ko kifin ma ya karanta takardar Ludger ne?" Aka kwashe da dariya. Na ce masa, "Kai da sunanka ma in an rubuta wuce shi kake, me ka sani game da takarda? Zo ajin yamma in ara maka fensir." Dariyar ta koma kansa. Amma ina juya baya na ji wata ta ce ƙasa-ƙasa wai ai ruwa ba ya ƙarya, kuma babu wanda ya ce mata ta yi shiru.

Juma'a tafki ya hau, babu mai fita. Ina cikin rumfa da rana ina wasa bakin ƙugiya sai ga Huguette da yarinya a kafaɗa. Ta ji maganar a kanti, idanunta sun kumbura. Ta ce, "Baba, ka bar shi haka nan. A soya doren ranar Lahadi kowa ya ci ya tashi. Ni dai an ba ni ita, ya ishe ni. Kada ka rasa ɗan'uwanka saboda mu." Gilberte da ta biyo bayanta da kwandon wanki ta ɗaga cokalin daga kan benci da yatsa biyu, waya na reto, ta ce, "Wannan kuma fa? Kifi za ka kama ko saniya za ka ɗaure? Shekara nawa na yi ina ja wa mahaifinka filafili, ban taɓa ganin ya sa wa abin nan sarƙa ba. Kai ba kifi ka je nema ba, tsoho, gadin cokali ka je yi." Na ce ba ta karanta ƙarshen takardar ba ne. Ta ce, "Na karanta mana, ba a aljihun wandonka na tsince ta ba? Ludger na can Lowell yana tarinsa, kai ka ɗauko shi ka zaunar a jirginka, har ka ba shi riƙon inji."

Na ɗauki cokalin na gangara matsaya, na ja shi dab da katako ta gefen da iska ba ta bugawa, inda zan gani da idona. Yaya, kunya ta rufe ni. Wayar ta sandarar da shi, ba ya juyi, ba ya walƙiya, jan ciki kawai yake yana nutsewa kamar murfin gwangwani. Ni da na koya wa rabin garin nan cewa wananish ido gare shi, tun daga nesa yake hango zare mai kauri. Ni da nake cewa a wannan wata sama-sama yake, can waje bisa zurfi, yana korar 'yan ƙananan kifayen nan masu sheƙi, kuma gudu yake so, abin da ke tsere masa shi yake bi. Duk na sani. Kwana uku ina kai cokalin Baba har ƙofar gidan dore, a hankali, ta ƙasa, yadda dore ke so, sannan ina mamakin dore ya amsa sallama. Kuma na bari ana ɗora laifin a kan jaririya 'yar wata huɗu. Na sa filaya na datse wayar. Na warware koren zaren, na naɗa siririn farin nan na roba wanda ko a tafin hannu da ƙyar ake ganinsa, na sa ɗan ƙaramin majuyi gaba ɗaya sama da cokalin don kada zare ya murɗe, babu dalma ko ƙwaya. Ƙulli ɗaya tak tsakanin cokalin Baba da ƙasan tafki. Na jiƙa shi da yawu na ja, kamar yadda kai da kanka ka koya mini.

Asabar kaɗai ta rage. Ghislain yana aikin safe a masana'antar takarda, ni kuma ina bukatar mai riƙe inji, don a irin wannan gudu mutum ɗaya ba ya tuƙi ya kula da sanda. Da sassafe na buga wa Huguette ƙofa na ce ta kai wa Gilberte yarinya, ta sa rigar sanyi. Ta ce ba ta taɓa tuƙa jirgi ba. Na ce keken ɗinkinta ya fi shi wuya. Muka wuce lungun yashi ban ko kalle shi ba, muka fita har hasumiyar coci ta koma kamar allura, inda ruwa ya yi baƙi, inda Baba ya taɓa sakin igiya gaba ashirin bai ji ƙasa ba. Sama a lumshe, iska kaɗan ta yamutsa fuskar ruwa daidai yadda ake so. Na yi alamar gicciye na saki cokalin. Gaba goma sha biyu kawai na ba shi, ya zauna a ƙarshen kumfar da inji ke bari, kamu ɗaya ƙasa da fuskar ruwa. Na ce ta ƙara wuta, ta ƙara. Na ce ta ƙara kuma. Ta ce, "Baba, zai tsinke fa!" Na ce, "Ƙara dai, 'yata, sai kin ga kan sandar nan yana kaɗawa kamar wutsiyar kare." Da ya fara bugawa daidai, tak, tak, tak, har cikin haƙarƙarina na ji shi. Cokalin ya farka.

Awa uku babu ko taɓawa. Muka sha shayin fulas, muka ci burodi da cuku. Na nuna mata kada ta tafi miƙe kamar layin dogo, ta riƙa karkatawa hagu da dama, don a kowace kwana cokali yakan rage gudu ya ɗan nutse sannan ya zabura, kuma a zaburar nan ce kifi ke kasa haƙuri. Ni kuma ina riƙe da zare da yatsa ina fizgarsa jefi-jefi. Can ta ce, "Baba, idan bai kama ba fa? Ko gaskiyarsu ce?" Na ce, "Idan bai kama ba gobe mu dawo, jibi mu dawo, har ƙanƙara ta rufe tafkin, in ya so in fasa rami." Wajen ƙarfe goma ta nuna mini fararen tsuntsayen ruwa suna faɗawa can gabas. Ita ta fara ganinsu, nawa idon ya gaza. Na ce kada ta ratsa tsakiyarsu ta watsa abin da suke ci, ta bi gefe ta yi kwana mai faɗi, yadda jirgi zai wuce ta waje cokali ya shiga ta ciki. Ta ciji leɓe ta yi kwanar, ko ni ban fi haka ba.

Saura ƙiris sandar ta bar hannuna. Abin naɗin zare ya ɗauki ƙara, kuma kafin in ce uffan sai ga shi a sama, Yaya, kusan tsayin mutum daga ruwa, fari fat, yana girgiza kai, jan cokalin na walƙiya a gefen bakinsa. Huguette ta kurma ihu ta saki inji, jirgi ya fara zagaye da mu, ina ta cewa ta kashe, ta kashe, ita kuwa tana neman makashin a inda ba ya nan. Sau biyar ya yi tsalle. Kowane tsalle ina sunkuyar da sanda in ba shi zare, hankalina na kan ƙullin nan guda ɗaya. Da ya nutsa ƙarƙashin jirgi na tsoma sandar a ruwa har wuyan hannu na zagaya da ita ta gaba. Yatsana na ƙaiƙayi in matse zaren in gama da wuri, na hana shi. A nan ne fa na manta da kai. Ban tuna cokali ba, ban tuna Lowell ba, cewa kawai nake, taho, taho, yarinya na jiranka. Da ya gaji ya kwanta a gefe, na miƙa wa Huguette ragar kwasa na ce ta nutsar da ita ta tsaya cik, kada ta bi shi, ni zan kawo mata shi ta kai. Ta ɗaga daidai. Yana faɗawa cikin jirgi ƙugiyar ta fita da kanta, ashe 'yar fatar leɓe ce ta riƙe shi. Laba biyar da rabi. Ta zube a ƙasan jirgi cikin ruwa, ta rungume kifin a ƙirji tana kuka tana dariya, rigarta duk yauƙi.

Rosaire na kan akwatinsa da muka iso. Huguette ce, wannan da ko gaisuwa ƙasa-ƙasa take yi, ta ɗaga kifin ta kai masa har hanci ta ce, "Baba Rosaire, duba mini da kyau, ka fi ni sanin kifi. Dore ne?" Ya cire hula ya sosa ƙeya ya ce to, ai shi dama wasa yake. Na ce Lahadi ƙarfe ɗaya, ya zo da yunwarsa. Ya zo kuwa, har ya nemi ƙari. Jiya bayan an taso coci mutum ashirin da shida suka zauna a gidana. Gilberte ta gasa kifin da albasa da madara, ga miyar wake, ga babban gashin nama da dankali. Kowa ya sami lomarsa. Na tsoma ɗan yatsa a romo na shafa wa Manon a leɓe, ta yamutsa fuska, ta lasa, ta buɗe baki. Sannan na ɗauko magagarin Baba, na dafe cokalin a gefen tebur a gaban kowa, na yi tsaga ta arba'in da biyu. Na zurfafa ta, Yaya. Ghislain ya ce, "Baba, za ka raba shi biyu." Na ƙara ja ɗaya.

Yanzu ga amsata. Ban nemi izininka ba, kuma ba gafara nake nema ba. Da cokalin ya tafi ƙasan tafki ranar Asabar, da ni da kaina zan rubuto in faɗa maka, in ɗauki abin da ka yanke, amma ba zan yi da-na-sani ba. Abin da ke cina ɗaya ne, kwana ukun da na yi ina jin tsoronka har aka yi wa jikata dariya a bakin matsaya. Kai ne babba, kai Baba ya bar wa, ban taɓa musu ba. Ka ce in aiko, ga shi nan cikin ƙunshin da ke tare da takardar nan, naɗe da safar ulu a gwangwanin taba. Buɗe ka bi gefensa da babban yatsa ka ƙirga. Idan ka ga ta ƙarshen ba ta cancanta ba, akwai magagari a Lowell. Sai dai ka sani tsaga ba ta goguwa sai an ci jikin cokalin, kuma za ka ci har da ta kusa da ita, ta jikan ƙanwarmu Fernande, sai ka shirya abin da za ka gaya mata.

Amma Agusta na tafe. Kogin masaƙarku ko kwaɗo ba ya son shiga, kuma kifin maraba daga tafkin nan yake fitowa, kai ma ka sani. Saboda haka za ka hau mota ka kawo cokalin da hannunka. A Agusta saman ruwa ya yi ɗumi, wananish ya sauka, sai an bi shi da zare mai dalma a ciki, sai kuma wanda ya san inda sanyi ke kwanciya, kai kuwa ka daɗe da barin nan. Ni zan kai ka. Huguette za ta riƙe inji, don daga yanzu ba na fita da kowa sai ita. Idan Allah ya ba jikanka kifinsa, kai za ka riƙe magagari. Ka duba gefen cokalin da kyau tun yanzu: wurin da ya rage ɗaya ne, dab da ta Manon. Nan za ka yi tasa.

Ka gaida Cécile da kyau, ka ce Gilberte na godiya da yadin da ta aiko, an ɗinka wa yarinya riga biyu da shi, ko da yake ba don haka aka aiko ba. Ka gaida Roland da Diane, Allah ya raba su lafiya. Fernande da mijinta suna gaisuwa, Ghislain yana gaisuwa. Huguette ma ta ce in gaishe ka, ita ta faɗa da bakinta, ban sa ta ba. Gilberte ta ce in rubuta cewa ɗakin sama a share yake, an wanke bargo. Manon ba ta san ka ba tukuna, shi ya sa ba ta aiko da komai ba. Allah ya tsare ku, ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Ni ne ƙaninka,
kakan Manon Lalancette,
Ovila